Rigar da Ba a Yi Cinikinta Ba

A Gangara in ka tambayi gidan Ishaku mai allura, ko baƙon jiya zai nuna maka. Shekara talatin ya yi a bakin zaure ɗaya, ƙafa a miƙe, riga a kan gwiwa, yana cin wuyan manyan riguna da zaren tsamiya. Hannunsa kuwa ba a magana. In ya yi aska, wato dogayen zanen nan masu tsini da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu, sai ka rantse saƙa su aka yi tare da ƙyallen. Amma allura ba ta taɓa riƙe gidansa ita kaɗai ba. Da rani yake ɗinki, da damina ya ɗauki hauya kamar kowa, kuma dami sittin ɗin da gonarsa ke bayarwa su ne ke ciyar da baki shida: shi, da matarsa Batulu, da tsohuwarsa, da 'ya'ya uku.

Abu ɗaya ya gada wajen mahaifinsa tare da allura, kuma da ya bar shi a kabarin tsohon da ya fi masa. Mahaifin ya koya masa cewa mai ɗinkin aska ba ya yanka wa babban mutum kuɗi. Ciniki na 'yan kasuwa ne, na masu tattasai da daddawa. Kai dai ka yi aikinka, in an tambaye ka sau ɗaya ka kau da kai, in an sake ka ce haba, sai a ta uku ne za ka ɗan saki baki, shi ma ta bakin wani. Babban mutum ya san abin da ya kamata. A zamanin tsohon maganar ta ci, don an taɓa ba shi goɗiya a kan riga ɗaya, kuma har ya mutu labarin goɗiyar nan bai bar bakinsa ba. Ishaku ya haddace karatun tsaf, bai taɓa tsayawa ya duba ko manyan da ake faɗa suna nan da rai ba.

Da bazarar shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, motar gyaɗa ta tsaya a ƙofar zaurensa, Alhaji Labo na Gazawa ya sauko. Labo mai sayen gyaɗa ne, mutumin sikeli da buhu, wanda kuɗi suka zo masa kafin girma ya iso. Yanzu da Nasara ya tafi an fara kiransa buro, wato ofishin hukuma, ana shawara da shi, an kuma gaya masa ranar uku ga watan Agusta, da za a yi bikin cikar ƙasa shekara ɗaya, manya za su zo daga Maraɗi, shi kuma kujerarsa tana sahun gaba. To, kujerar gaba tana son riga.

Tun kafin su gama gaisawa Ishaku ya gane rigar da ke jikin baƙon. Aska biyu ce, aikin hannunsa, wadda ya yi wa wani maigari shekara tara da suka wuce. Maigarin ya rasu, magada suka sayar, Labo ya same ta a Maraɗi, ya yi ta cigiyar wanda ya yi ta har aka kwatanta masa Gangara. Ya ce irin wannan hannun yake so, amma aska takwas, da tambari, zagayayyen zanen nan, gaba da baya, a kan saƙi mai kyau da ya zo da shi. Ishaku ya ƙirga watanni a zuci, ya ga huɗu ne ba cikakku ba, aikin kuwa na wata shida ne. Ya ce in Allah ya so za a yi.

Labo ɗan kasuwa ne, saboda haka ya tambaya kai tsaye.

"To, Malam Ishaku, nawa za ka yi mani ita?"

Ishaku ya kau da kai, ya shiga yabon saƙin. Labo ya sake tambaya.

"Haba, ranka shi daɗe," in ji Ishaku. "Tsakanina da kai? Ai ba a haka."

Yana jiran ta uku, har ya fara tunanin wa zai aika da maganar. Sai direba ya danna oda, don akwai buhuna da ke jiransu a wani ƙauye. Labo ya miƙe, ya ajiye kuɗin zare da goro goma, ya ce lalle yau ya ga mutumin da, irin waɗanda ba su damu da abin duniya ba. Mota ta tashi, ta uku ba ta zo ba.

Batulu tana bayan danga ta ji komai. Da ya shigo ta tambaye shi nawa aka yi, ya ce ba a yi ba. Ta ce to wa zai yi noma, ya ce Allah na nan. Ta ce ta san Allah na nan, tambayarta wa zai riƙe hauya. Ya yi mata bayanin goɗiyar mahaifinsa, wadda ta ji ya fi sau ɗari. Ya ce mutumin da ke loda mota uku na gyaɗa ba zai sallame shi da abin da bai kai cin shekara ba, ko gonar ba ta ba da komai ba rigar nan za ta cika rumbu. Batulu ta ce Allah ya sa, ta koma kan turminta.

Ruwan farko ya sauka, Ishaku ya ajiye allura kwana biyu ya yi shuka, ya dawo. Daga nan bai sake taka gonar ba. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, kuma ciyawa ba ta san ana bikin mulkin kai ba. Batulu ta roƙe shi ya aika wa Alhaji ya ba da wani abu a sa 'yan barema masu ƙwadago su yi noman fari, ko kuɗi jikka ɗaya ne. Ya ce wannan roƙo ne, shi kuwa ba maroƙi ba ne. Ta ɗauki hauya da kanta ta yi kwana shida, ta nome gefe ɗaya, bayanta ya riƙe, tsohuwa kuma ta kwanta ciwo, dole ta dawo gida.

Wannan daminar Ishaku shi kaɗai ne a Gangara ke jin haushin hadari. Duk garin na ɗaga kai ana Allah ya kawo, shi kuwa in gari ya lumshe sai zuciyarsa ta ɓaci, don haske yake nema. Yakan ja tabarmarsa daga bakin zaure zuwa tsakar fili yana bin rana kamar ƙadangare. Tun hantsi har la'asar yana duƙe. Wuyansa ya sandare, kansa ya riƙa sarawa daga ƙeya, tuwo ya daina shiga, sai goro da ruwa. Wani lokaci hannunsa na aiki amma zuciyarsa na can tana lissafi: in Alhaji ya ba da kaza, dami kaza ke nan, in kuwa ya ba da kaza, har da tunkiya. Ya ɗora kuɗin ya sauke, ya sake ɗorawa, a kan abin da ba wanda ya yi masa alkawari. Tsoro ne ke cinsa, tsoro tsagwaronsa, amma in abokai sun biyo daga gona da laka a ƙafa suka ce Ishaku gonarka fa, sai ya yi dariya ya ce gonarsa tana kan gwiwarsa.

In abin ya yi masa yawa yakan tashi ya wanke fuska, ya zagaya bayan gida, ya dawo. Batulu ta jiƙa masa tsumma ta ɗora a ƙeya, ta nemo masa kwalli mai sanyi. Sau ɗaya ya ce bari ya taka ya sha iska, ƙafa ta kai shi har bakin gonarsa. Ya tsaya ya ga geron ya yi rawaya, siriri, ciyawa ta kai masa wuya, gonar maƙwabcinsa kuwa kore shar. Tun ranar ya daina shan iska.

A aska ta shida idanun suka fara. Da fari wani hazo ne ke tsayawa a gefe, in ya murza ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Ya ce wa Batulu ta riƙa zura masa zare, wai don ya rage ɓata lokaci, sai ta zura allura biyar ta soke masa a hula. Tambarin baya, wanda shi ne na ƙarshe, rabinsa da yatsa ya yi shi, yana lalube yana bin sawun da hannu ya saba shekara talatin. Rana ba ta ƙarya, ana saura kwana biyu biki ya yanke zaren ƙarshe. Batulu ta shimfiɗa rigar a kan tabarma ta daɗe tana kallo, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin irinta ba. Sai da ta faɗa masa ya tabbata ta yi kyau.

Ya kai ta Gazawa da kansa ranar bikin da safe. Zauren Alhaji cike da mutane, har da maroƙa. Aka warware rigar, wurin ya yi tsit, sannan aka ɗauki salati. Labo ya shafa askar nan ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, don mutumin ba mugu ba ne, kuma ya san abu mai kyau in ya gani.

Matsalar ita ce Labo ma yana da nasa karatun, sabo fil. Tun da ya dawo daga Gangara yake ba da labarin mutumin da ya ƙi yin ciniki, masu zama a zaurensa kuma suka ce ai irin waɗannan ba a miƙa musu kuɗi, cin fuska ne. Suka ce manyan da, in mai sana'a ya burge su, rigar jikinsu suke tuɓewa su yafa masa a gaban jama'a, wannan ita ce kyautar da ta fi kowace. Abin da ba su gaya masa ba, ko su ma ba su sani ba, shi ne manyan da ɗin, in sun yafa riga da rana, da yamma jakuna kan bi mutum gida da hatsi. Labo rabin karatun ya samu, kuma yana ɗokin ya nuna shi ma ya iya girma.

Ya miƙe tsaye, ya tuɓe aska biyun nan da ke jikinsa, ya yafa wa Ishaku da hannunsa.

"Na so in ba ka kuɗɗi, anka ce mani ba a yi ma irinku haka," in ji shi. "To ga rigata ta jikina. Aikinka ya koma gida."

Maroƙa suka ɗauka, Alhaji ya tuɓe riga, Alhaji ya yi abin da sarakuna ke yi. Mutane suka yi ta miƙo wa Ishaku hannu ana taya shi murna. Ya durƙusa ya yi godiya, bakinsa na faɗin abin da ya kamata. Ya zauna har aka watse, yana jira ko akwai saura. Aka kawo masa tuwo da nama. Ya jira har la'asar. Alhaji yana can filin biki cikin aska takwas, ana ta nuna shi da baki.

Da ya iso gida Batulu ta dubi rigar, ta dubi hannunsa, ta leƙa bayansa ko akwai jaki. Ta tambaya ko aike zai biyo baya, ya ce wataƙila. Sati ya wuce, wata ya wuce, ba abin da ya biyo baya sai masu zuwa ganin rigar.

"Malam, ka koma ka hwaɗa mashi," in ji ta wata safiya. "Ka buɗe baki ka ce wata huɗu ka yi, ka ce gonarka ta mutu. Mutumen nan bai sani ba. Kunya ba ta zama tuwo."

Ya koma, har zauren. Labo ya tarbe shi da murna, ya zaunar da shi kusa, ya gaya wa baƙinsa wannan ne mutumin da ya fi ƙarfin kuɗi. Sannan ya tambaye shi ina rigar, me ya sa bai sa ta ba, ko ba ta yi masa ba ne. Ta ina mutum zai fara bayan wannan? Ya ce yana adana ta ne don Salla. Aka ba shi goro biyar, ya taka ya dawo Gangara.

Kaka ta zo, gonar ta ba da dami goma sha ɗaya. Ishaku ya tsaya ana jefa su rumbu, ƙarar faɗuwarsu ma ta isa ta gaya masa rumbun wayam yake. Dami goma sha ɗaya a baki shida, ko an yi ta kunu ba za su ga tsakiyar rani ba. Allura kuwa bai taɓa ta ba tun ranar da ya yanke zaren nan. Ya ce idanun hutu suke so, in sun huta za su dawo, kuma bai yarda ya gwada ba.

Abin sayarwa ɗaya ya rage a gidan, shi ne rigar. Amma rigar da aka yafa maka a gaban maroƙa ba ta shiga kasuwar Gazawa, ba ta shiga ta Gangara, ko kasuwar Agye aka kai ta kafin azahar labari ya iso zauren Alhaji. Sai da aka fara jigilar gyaɗa ya sami wani direba ya ɗora shi a kan buhuna har Maraɗi, daga can ya sami wata motar zuwa Gidan Rumji, inda ba wanda ya san fuskarsa. Ya naɗe rigar cikin tsohon zanen Batulu, kamar wanda ya sato ta.

Ranar kasuwa aka nuna masa rumfar wani dillalin riguna, Rabilu, Bagobiri mai fara'a da saurin baki. Rabilu ya warware rigar, ya ɗaga ta a rana, ya nuna inda wuya ya ci, da inda shuni ya koɗe, ya ce ta sha jiki, jikka biyu da rabi. Jikka ɗaya a lokacin ba ta wuce dami huɗu ko biyar ba. Ishaku bai iya cewa albarka ba, bai taɓa koyo ba. Rabilu kuwa ya kasa ajiye rigar, yana ta bin askar da babban yatsa. Ya ce tsufa ne ya kashe ta, amma hannun da ya yi ta ba na wasa ba ne. Ya ce ya ji labarin wata aska takwas da wani Alhaji na Gazawa ya sa ranar biki, wai har wani babba daga Maraɗi ya taya ta jikka talatin a jikinsa, Alhajin ya ce albarka.

Jikka talatin. Ishaku ya ji ƙeyarsa ta sara. Ashe Alhaji ya san kuɗinta, kowa ya san kuɗinta, shi kaɗai da ya yi ta ne bai sani ba.

"Ni na yi ta," ya ce. "Da waccan da wagga, duk ni na yi su."

Rabilu ya dube shi da kyau, ya gyara zama. Ya ce in haka ne yau Allah ya haɗa shi da arziki, don yana da masu nema har uku, ga saƙi a rumfa, ga tsamiya. Ya ce ya faɗi kuɗin aikinsa, rabi yanzu a hannu, rabi in ya gama.

Ishaku ya buɗe baki. Mahaifinsa ya tsaya masa a maƙogwaro, da goɗiyarsa da komai, ya haɗiye shi da ƙyar. Ya tuna ƙarar damin nan a cikin rumbu.

"Jikka goma sha biyar," ya ce. Tun da aka haife shi bai taɓa yi wa aikinsa kuɗi ba.

"Na biya," in ji Rabilu, ko tayi bai yi ba.

Haka abin yake da sauƙi. Kalma huɗu, ba wanda ya zage shi, ƙasa ba ta tsage ba. Rabin kuɗin nan kaɗai zai kai gidansa har shuka. Ishaku ya ji wani daɗi mai ciwo ya taso masa, har ya fara ganin fuskar Batulu in ya shiga da jakuna.

Sai Rabilu ya ce kada ya ji haushi, amma kasuwa ce, kowa na iya cewa shi ya yi. Ya jawo wani guntun saƙi da allura da zare, ya ce ya ɗan yi masa bakin aska ɗaya, ko tsawon yatsa, ya gani.

Rana tana tsaka, haske ko'ina, irin hasken da ya yi damina guda yana roƙo. Ishaku ya ɗaga allurar. Ya san inda kafarta take, yatsansa ya gaya masa, amma ido bai ga komai ba sai wani abu mai ƙyalli yana rawa. Ya lashi zaren ya gwada, ya wuce. Ya sake, ya wuce. Rabilu ya karɓa ya zura masa, ya ce ba komai, tsufa ne. Ishaku ya ɗora ƙyallen a gwiwa, ya miƙe ƙafa yadda ya saba, ya sunkuya. Aska kuwa ƙirga zaren saƙa ake yi, biyu a ɗauka, biyu a bari. Ya nemi zaren saƙar ya rasa. Shuɗi ne kawai shimfiɗe a gabansa, ba layi, ba gida, kamar ruwan baba a cikin tukunyar rini. A waccan rigar hannu ya sami sawun da zai bi, nan kuwa ba sawu. Ya soka, ya ja, ya soka, ya ja. Ya yi kamar goma, yana addu'a hannun ya tuna da kansa.

Rabilu ya karɓi ƙyallen ya duba. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya zare zaren a hankali, ya naɗe saƙinsa ya mayar cikin rumfa. Ya ƙirgo jikka biyu da rabi na tsohuwar riga ya sa masa a hannu, ya ƙara masa dala goma ya ce ya sha fura a hanya.

"Baba, yunwa ka sa mutum shi hwaɗi abin da ba shi ne ba, ban riƙe ka ba," in ji shi. "Amma in ka san wanda yay yi aikin ga, don Allah ka ce mashi shi zo. Kuɗɗinshi na nan, ko nawa yac ce."

Ishaku ya ƙulle kuɗin a bakin zanen Batulu, dami goma ko sha biyu ke nan in hatsi bai tashi ba. Ya lalubi takalmansa da ƙafa ya sa.

"Na san shi," ya ce. "Ya bar aiki."